Tambaya da Amsa: Mutanen da aka raba da abincin kakanninsu, da yadda suke ƙwato shi

Jama'a barkanmu da warhaka. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo labarin 'yan asalin nahiyar Amurka, wato mutanen da Turawa suka je suka tarar a can, da yadda suka tashi haiƙan suna neman dawo da abincin kakanninsu. Layi uku ne kawai ma nayi akan maganar amma sai ga saƙonni kamar ruwan sama, wasu ƙarin bayani suke nema wasu kuma gardama ce ta kawo su. Na zaɓi shida, sauran kuyi haƙuri fili ne yayi kaɗan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, gaskiya kalmar nan da kayi amfani da ita ta 'yancin abinci ta ɗaure min kai. Ba shine wadatar abinci da muke ji Majalisar Ɗinkin Duniya tana faɗa ba? Kuma wai mutanen nan sune Jajayen Indiyawa da muke gani a fim?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta ƙarshen. Eh sune, amma sunan nan ba nasu bane kuma basa son shi. Columbus ne da ya isa tsibiran can a 1492 ya ɗauka Indiya ya zo, shikenan sunan ya bi su. Kowace al'umma tana da sunanta, akwai Lakota, akwai Navajo da suke kiran kansu Diné, akwai Cherokee da Anishinaabe, akwai Inuit a can ƙurewar arewa cikin ƙanƙara, akwai Quechua a tsaunukan Peru. A ƙasar Amurka kaɗai gwamnati ta amince da ƙabilu sama da 570, kowacce da cimarta.

Sai maganar kalmar. Wadatar abinci tambaya ɗaya take yi, ciki ya cika ko bai cika ba. Shi kuwa 'yancin abinci tambayarsa itace wa ke riƙe da gonar, wa ke riƙe da ruwan, irin a hannun wa yake, kuma wa yake yanke shawarar abin da za a shuka da abin da za a ci. Ka ɗauki ɗan fursuna da ake ba abinci sau uku a rana, ta lissafin wadata ai baya da matsala, amma duk ranar da mai riƙe da makulli ya ga dama ya hana to shikenan. Wannan shine bambancin kuma ba ƙarami bane.

Ƙungiyar ƙananan manoma ta duniya, La Via Campesina, da aka kafa a 1993 a garin Mons na Beljiyam, ita ta fito da kalmar a babban taron abinci na duniya da aka yi a birnin Rum a 1996. Sannan a 2007 wakilai sama da 500 daga ƙasashe sama da 80 suka haɗu a Sélingué ta ƙasar Mali suka fitar da sanarwar Nyéléni, wadda ta ce haƙƙin kowace al'umma ne ta samu abinci mai lafiya da ya dace da al'adarta, kuma ita zata tsara wa kanta yadda zata yi noma da ci. Su 'yan asalin ƙasa sai suka ƙara wani abu akai wanda ni shine ya fi taɓa ni, suka ce su basa kallon masara ko kifi ko dabbar daji a matsayin haja kawai, amana ce a wuyansu, abin yana ciyar da su su kuma dole su kula da shi.

TAMBAYA: Malam kayi haƙuri ni ban yarda ba. Amurka da Kanada ƙasashen da abinci har zubarwa ake yi, wa ya hana su cin abincinsu? Inaga su da kansu suka watsar suka bi na zamani, yanzu kuma suna neman wanda zasu ɗora wa laifi.

AMSA: Ɗan uwa na gode da ka fito fili ka faɗa, don nasan da yawa haka suke tunani basu dai rubuto ba. Amma zan tsaya akan taka sosai, saboda duk wanda bai gane wannan ba to sauran maganar zata wuce shi. Ba watsarwa suka yi ba, ƙwacewa aka yi, da gangan, da umarnin gwamnati, kuma duk yana rubuce a takardun gwamnatocin da kansu.

A 1779 George Washington ya tura Janar John Sullivan ƙasar Haudenosaunee da ke jihar New York ta yanzu, da umarnin a lalata garuruwansu da amfanin gonarsu. Sojojin suka ƙone garuruwa kusan 40, suka lalata masara kusan tan 4,000, suka sassare itatuwan marmari, mutane suka shiga hunturu hannu rabbana da yawa suka mutu da yunwa da sanyi. A 1864 wani hafsan sojan Amurka Kit Carson yayi wa Navajo irin haka, aka ƙone gonaki aka kashe tumaki aka sare dubban itatuwan marmari a kwarin Canyon de Chelly, da yunwa ta sa suka miƙa wuya sai aka kora su a ƙafa tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wani sansani da ake kira Bosque Redondo inda ƙasar bata noma ruwan kuma gishiri-gishiri, suka zauna har 1868.

Sai ɓauna. Ɓaunar Amurka ta kai aƙalla miliyan 30 kafin wannan ɓarna, ita ce naman mutanen filayen tsakiya kamar Lakota da Blackfeet, fatarta ce tantinsu da tufafinsu, ƙashinta kayan aikinsu. Da layin dogo ya ratsa sai maharba masu neman fata suka shigo suna kashewa ba ƙaƙƙautawa suna barin naman ya ruɓe, manyan soja kuma suna ƙarfafa musu gwiwa don sun san ranar da ɓauna ta ƙare yaƙi ya ƙare. Kafin 1890 abin da ya rage bai kai 1,000 ba. Ka sake karanta lissafin nan, daga miliyan 30 zuwa ƙasa da dubu ɗaya cikin rayuwar mutum ɗaya.

A Kanada firaminista na farko John A. Macdonald ya tsaya a majalisa a 1882 yana tabbatar musu cewa jami'ansa basa ba mutanen nan abinci sai sun kai bakin mutuwa da yunwa, don a rage kashe kuɗi. Da wasu suka kama noma suka fara samun amfani har suna gogayya da Turawa a kasuwa, sai a 1889 aka fito da doka a yammacin ƙasar ta hana su amfani da injin noma, aka ce fartanya da lauje sun ishe su, kuma basu isa su sayar da abin da suka noma ba sai da takardar izinin jami'in gwamnati. Bikinsu na rabon abinci da kyauta, potlatch, an haramta shi daga 1885 har 1951. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, to yaron da ya tashi a can yaushe zai koyi kyafa kifi ko adana iri a wajen kakarsa? Wani masanin tarihi Ian Mosby ya tono a 2013 cewa tsakanin 1942 da 1952 har gwaji aka yi da yaran nan masu yunwa, wata makarantar an bar su akan ɗan madarar da bata kai ba tsawon shekara biyu kawai don a samu abin aunawa, aka kuma hana a duba musu haƙori don kar ya ɓata sakamako. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Ƙasar ma haka. Dokar Dawes ta 1887 ta yayyanka ƙasar ƙabilu a Amurka, daga eka miliyan 138 ta dawo miliyan 48 kafin 1934. A 1957 aka rufe madatsar The Dalles akan kogin Columbia, cikin awoyi ruwa ya shanye Celilo, wajen kamun kifin da mutane suka yi dubban shekaru suna haɗuwa.

Bayan an yi duk wannan sai aka kawo musu rabon gwamnati, fulawa da suga da kitsen alade da abincin gwangwani. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole yayi masa aski, wanda yake jiran rabo baya iya cewa a'a idan aka ce ya sa hannu a takardar ƙasa. Yanzu haka ƙasar Navajo ta kai murabba'in kilomita 70,000, amma an daɗe ana ƙirga manyan kantunan abinci 13 ne kacal a ciki, mutum sai yayi tafiyar awoyi a mota kafin ya ga ɗanyen ganye. To ɗan uwa ka faɗa min a ina zaɓin yake.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mun karanta cewa ciwon suga yayi musu yawa, amma an ce mana a jininsu yake, gado ne. To canza abinci zai yi wani tasiri?

AMSA: Sannu da ƙoƙari 'yar uwa. Gaskiya ne a Amurka in an auna da yawansu sun fi kowane jinsi masu ciwon suga, kuma maganar gado da kika ji ta samo asali ne daga wani hasashe na James Neel a 1962, cewa wasu mutane jikinsu ya saba tara kitse don lokacin yunwa. Gado yana da nasa rabon ba a musu. Amma bari in baki labarin Pima, waɗanda suke kiran kansu Akimel O'odham wato mutanen kogi, a Arizona. Manoman rani ne ƙwararru, sun haƙa magudanan ruwa daga kogin Gila suna noman masara da wake da auduga da alkama har suna sayar wa sojojin Amurka da matafiya. Daga wajen 1870 Turawan da suka zauna a saman kogin suka karkatar da ruwan, gonaki suka bushe, aka shiga yunwa ta kusan shekara 40, daga nan aka koma kan rabon gwamnati. Masu bincike na gwamnati sun fara bibiyar lafiyarsu a 1965, suka tarar kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da ciwon suga.

To ga inda maganar take. Akwai danginsu na jini a tsaunukan Sonora ta Meziko, a wajen Maycoba, su suna nan suna noma da hannunsu suna cin abin da suka noma. Binciken da aka fitar a 2006 ya samu masu ciwon suga a cikin na Meziko kashi 6.9 cikin 100, a cikin na Arizona kashi 38. Jini ɗaya fa. Abin da ya raba su kogi ne da aka ɗauke.

Shi yasa da suka tashi neman magani basu tsaya a asibiti ba, kotu suka tafi neman ruwa, sai a 2004 majalisar Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar da ta dawo musu da kaso mai yawa. Suna dawo da wani wakensu na hamada da ake kira tepary wanda yake jure zafi da ƙarancin ruwa kuma baya tayar da suga da sauri. Navajo su kuma a 2014 suka sa harajin kashi 2 akan lemon kwalba da kayan maƙulashe suka cire haraji daga ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, kuɗin ana mayar da shi unguwanni don lambu da wajen motsa jiki. Amma ke kin fi ni sani, mai ciwon suga baya ajiye maganinsa don ya canza cima, tare ake haɗawa.

TAMBAYA: Malam ni manomi ne, abin da ya bani mamaki shine maganar iri. Irin da aka bari shekara ɗari ai ya mutu. A ina suke samo shi?

AMSA: Ranka ya daɗe kayi tambayar mai noma. Gaskiya ne da yawa ya tafi har abada. Wanda ya tsira ta hanya biyu ya tsira. Na farko tsofaffi, musamman mata don a yawancin al'ummomin nan mata ne masu riƙon iri, suka yi ta shuka ɗan kaɗan a bayan ɗaki ko suka ɓoye a kwalba. Lokacin da aka kori Cherokee daga ƙasarsu a 1838 a tafiyar da dubbai suka mutu, akwai baƙin waken da aka ɗauko aka tafi da shi, har yau ana shuka shi kuma sunan tafiyar yake ɗauke da shi. Na biyu, Turawa masu bincike da kamfanonin iri sun kwashi samfura sun ajiye a gidajen tarihi da jami'o'i da rumbunan gwamnati, to yanzu su ake bi ana karɓowa. Wata mata 'yar Mohawk, Rowen White, tana cikin waɗanda suka ja gaba a wannan aiki, kuma kalmar da suke amfani da ita ma'anarta mayar da iri hannun uwa.

Labarin Pawnee ne ya fi burge ni. An tashe su daga Nebraska zuwa Oklahoma a shekarun 1870, suka tafi da masararsu amma ta ƙi ƙasar can, ana shukawa tana lalacewa har wani irin ya rage ƙwayoyi kaɗan da basu cika tafin hannu ba. Daga 2003 suka fara aika shi Nebraska wasu masu lambu suna shuka musu a tsohuwar ƙasarsu, sai gashi ya tashi. Kai manomi ne ka san iri yana da ƙasar da ya sani.

A Peru kuma inda dankalin da muke ce wa na Turawa ya samo asali, don ba na Turawa bane na mutanen Andes ne kuma kala-kalansa sun kai 4,000, ƙauyukan Quechua na Pisac kusa da Cusco suka haɗa ƙasarsu suka yi abin da suka kira Dandalin Dankali. A 2004 suka ƙulla yarjejeniya da cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Lima ta dawo musu da iri sama da 400 da aka kwasa a yankinsu shekarun baya, yanzu suna riƙe da sama da 1,300. A 2015 suka kai nasu ajiya rumbun iri na Svalbard da ke cikin dutsen ƙanƙara a Norwe, Cherokee ma suka kai iri 9 a 2020, kuma ka'idar wajen wanda ya ajiye shi kaɗai yake da ikon ɗauka.

Kuma ba ƙwayar kaɗai ake nema ba har da ilimin. Suna shuka masara da wake da kabewa a tudu ɗaya suna kiransu 'yan uwa mata uku, masara ta ba wake karan hawa, waken ta hanyar ƙwayoyin da ke saiwarsa ya ƙara wa ƙasa taki, kabewa ta shimfiɗa ganye ta riƙe danshi ta danne ciyawa. Sannan tun can suna dafa masara da toka ko farar ƙasa kafin su niƙa, wanda hakan ke sakin wani sinadari, niyasin, da jiki baya iya cirewa daga masarar in ba a yi haka ba. Turawa suka ɗauki masara suka bar dabarar, sai cutar pellagra mai ɓata fata da hankali ta addabi talakawan Italiya da Sifen, a kudancin Amurka kuma ta kashe kusan mutum 100,000 tsakanin 1906 da 1940. Mutanen da ake ce wa jahilai su basu san cutar ba.

Abin tsoron yanzu shine rajistar mallaka. A 1999 wani Ba'amurke ya samu takardar mallaka akan wani rawayan wake da ya sayo a kasuwar Meziko ya raɗa masa suna Enola, ya fara neman masu shigo da waken su biya shi, sai da aka yi kusan shekara 10 ana shari'a kafin a soke. Meziko da aka fara noman masara a cikinta shekara kusan 9,000 da suka wuce, mai asalin iri 59, a 2025 ta sa a tsarin mulkinta cewa ba a shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta a ƙasarta.

TAMBAYA: Malam sana'ata girki, kuma na ga bidiyon wani gidan abincinsu mai kyau sosai. Amma anya abin nan ba yayi bane na masu kuɗi? Talakansu yana ci kuwa?

AMSA: Hajiya tambayarki su kansu suna yi wa juna ita. Inaga gidan da kika gani Owamni ne a Minneapolis, na Sean Sherman ɗan Oglala Lakota wanda ya tashi a Pine Ridge, ɗaya daga cikin yankuna mafi talauci a Amurka, akan abincin rabo. Ya buɗe a 2021, a 2022 ya ci kyautar James Beard ta sabon gidan abinci mafi kyau a ƙasar. Baya sa fulawar alkama, ba madara, ba sugan rake, ba naman shanu ko kaza ko alade, duk abin da Turawa suka kawo ya cire. Amfaninsa a ganina shine ya cire wa matasa kunya, yaron da aka nuna wa abincin kakarsa na ƙauyanci ne yanzu yana ganin ana layi a kansa, kuma yana sayen kaya daga manoman ƙabilu yana horar da masu girki. Amma kin yi gaskiya faranti ɗaya a birni baya ciyar da Pine Ridge.

Kuma yayi yana da cutarwa. Shinkafar ruwa ta Anishinaabe, manoomin, da ake girba a tafki mutum biyu cikin kwalekwale, ɗaya yana tura gora ɗaya yana kakkaɓo ƙwaya da sanda biyu ana barin wasu su faɗa ruwa don baɗi, da ta yi suna sai aka ƙirƙiro wadda ake nomawa a fadama da inji har a California ana sayarwa da sunan ta daji, ta karya wa masu asalin farashi. Abin da ya fi kai wa talaka bashi da ƙyalli, misali dokar noma ta 2018 da ta ba wasu ƙabilu damar su sayi abincin rabo da kansu daga manomansu da masuntansu, sai ɓauna da kifi da manoomin suka fara shiga kwalin tsofaffi a madadin gwangwani.

Tunda ke mai girki ce ga wata gardama da basu gama ba. Akwai soyayyen burodinsu da ba a biki sai da shi, amma asalinsa fulawa da kitsen rabon nan ne, Navajo suna danganta shi da zaman Bosque Redondo. Wasu sun ce a bar shi don abincin zalunci ne kuma yana kashe mutane, wasu sun ce da shi kakanninmu suka raya mu a lokacin da ba komai. Ni dai bana ganin wani na waje yana da bakin yanke musu hukunci.

TAMBAYA: Yaro, ni dattijo ne na ga gwagwarmaya iri-iri ta tashi ta mutu. Waɗannan an taɓa dawo musu da wani abu a zahiri ko surutu ne?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma. An dawo da wasu, an hana wasu. Mutanen White Earth a Minnesota sun yi doka a 2018 cewa manoomin tana da haƙƙin rayuwa, har suka shigar da ƙara da sunanta a 2021 don tsayar da wani bututun mai, amma ƙarar bata yi nasara ba, man kuma yana bi ta bututun. A Grassy Narrows ta Kanada wata masana'antar takarda ta zuba sinadarin makuri kusan tan 9 a kogi tsakanin 1962 da 1970, har yau cin kifin yana cutar da jikoki.

Amma ga Billy Frank Jr. ɗan Nisqually, yana ɗan shekara 14 aka fara kama shi a 1945 don ya kama kifi a kogin da yarjejeniyar 1854 ta ce haƙƙinsu ne, an kama shi sama da sau 50 bai daina ba, har a 1974 alƙali George Boldt ya yanke cewa rabin kifin da ake kamawa a yankin na ƙabilu ne. Ɓauna kuma ƙabilu suka haɗa ƙungiya a 1992, yanzu sun haura 80 suna kiwon dubbai, a 2012 aka kai wasu daga gandun Yellowstone zuwa yankin ƙabilu na Fort Peck, a 2020 majalisa ta mayar wa Salish da Kootenai gandun ɓaunar da aka yanka daga ƙasarsu a 1908.

Wanda zan tsaya a kansa shine kogin Klamath tsakanin Oregon da California. Madatsu huɗu aka kammala ginawa daga 1918 zuwa 1962 suka tare wa kifin salmon hanya, shi kuwa kifin nan a kogi ake ƙyanƙyashe shi ya tafi teku ya girma sannan ya dawo daidai inda aka haife shi yayi ƙwai, in ka tare hanya ka kashe zuri'a. Bincike akan Karuk ya nuna a da mutum ɗaya yana cin kusan kilo 200 a shekara, ya dawo bai kai kilo 3 ba. A 2002 aka rage ruwan kogin don ban ruwa, kifi sama da 30,000 suka mutu suna ruɓewa a gaɓa, daga nan Yurok da Karuk da maƙwabtansu suka ce ya isa. A 2004 har Sikotland suka je wajen taron masu hannun jarin kamfanin da ya mallaki madatsun suka gasa kifi a bakin ƙofa, da kamfanin ya koma hannun attajirin nan Warren Buffett suka bi shi garinsu Omaha, shekara 20 suna abu ɗaya da yawa daga cikin dattawan da suka fara basu ga ƙarshe ba. A Oktoba 2024 aka gama rushe madatsun duka huɗu, aikin rushe madatsa mafi girma a tarihin Amurka, ma'aikatan Yurok suka bi busasshen gindin tafkunan suna watsa irin tsirran asali da suka yi shekaru suna tarawa da hannu. Masana suna ta lissafin yaushe kifi zai gane hanya, Baba ko wata ba a rufa ba aka ga salmon a wani rafi can cikin Oregon, kilomita kusan 370 daga teku, wajen da rabon a gan shi tun 1912.